Jiragen da Ba Su Zo Filin Ƙwallonmu Ba

Duk wanda ka tambaya a Batsari zai ce maka Babana ne ya ƙago maganar jiragen nan. Wasu su ce tsufa ne ya fara taɓa shi, wasu su ce so ya yi a san da zamansa. Na ji ma wata a wurin niƙa tana rantsuwa wai mafarki ya yi, ya farka ya ɗauka gaske ne. Duk ba haka ba ne. Babana bai ƙagi komai ba. Ni na ƙaga, idona biyu, kuma na san abin da nake yi.

Babana tela ne. Rumfarsa tana bakin tasha, inda 'yan kabu-kabu da masu a-kori-kura suke lodin Runka da Zakka da Babban Duhu. Tun da daji ya lalace, duk wanda ya shigo gari yakan tsaya gaban kekensa, ya gaishe shi, ya faɗa masa yadda ya baro hanya. Mai fita kuma sai ya leƙo ya ce, "Baba Tela, ya hanyar Runka?" Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki, kuma ba ya karɓar komai a kai. Mutane ne suka lura cewa in ya ce a tafi, ana zuwa lafiya, in ya ce a dakata, daga baya akan ji dalili.

Dokarsa ɗaya ce. Ba ya faɗin labari sai ya ji shi daga mutum biyu waɗanda ba tare suka zo ba. In mutum ɗaya ne ya kawo, ko da liman ne, sai ya ce, "Na ji, amma ban tabbatar ba." Direba zai tsaya da mota cike da mutane, yana huci, yana jiran na biyu ya iso. Inna takan tsokane shi ta ce ko tuwo aka ce masa ya nuna, sai ya jira wani ya maimaita. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani, tun a makaranta ake ce mini in rage sauri.

A shekarar ne aka dawo da gasar ƙwallo ta matasa, bayan an daɗe ba a yi ba saboda halin da ake ciki. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin yaran garinmu da na Safana, kuma a filinmu za a buga, wanda ke bayan firamare. Ina da taubashiya a Safana, ɗiyar Gwaggo, ƙanwar Babana. Ni da ita ba ma gaisawa sai da zagi, kowacce tana kiran 'yar uwarta baiwa. Tun da aka sa rana ta hana wayata hutawa.

"Baiwata, an ce filin naku sai an kori awaki kafin a buga?"

Na ce mata awakinmu sun fi 'yan wasansu gudu.

"To ku share mana wuri. Mu ɗauki kofi, ku ɗauki tsintsiya."

Ana cikin haka aka turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na 'yan aji. Wani ƙaton filin wasa ne cike da mutane, kowa a tsaye, hannu a ƙirji, ana taken ƙasa. Sai ga jiragen yaƙi sun taso a jere kamar haƙoran mataji, kowanne yana jan hayaƙi mai launi a bayansa, filin ya kaure da ihu. A ƙasa an rubuta wai sojan samanmu ne. Kallo ɗaya na san ba namu ba ne. Hayaƙin kore ne da fari da ja, kuma da mai ɗauka ya sauke waya, duk Turawa ne a kujerun.

Na datse gefen da jan yake, na yanke ƙarshen da Turawa suka fito. Kore da fari suka rage. Ko minti ɗaya abin bai ci ba. Na tura wa taubashiyata na ce, "Ki wanke ido. Ranar wasa wannan za a yi mana a Batsari, sojan sama da kansu."

Ta turo murya tana dariya har da tari. "Ke da wannan bakin naki? In Kawu ya faɗa, na yarda. In ba haka ba, ki ninke ƙaryarki ki sa a akwati."

A nan ya kamata in yi dariya in bar maganar. Wasan taubasai ne, kullum muna yi. Amma na tsani a ci ni da baki, ballantana ita.

Washegari da safe na durƙusa na gaida Baba, na miƙa masa waya. Ya ɗauko tabarau ya kalla sau uku. Ya ce, "Wa ya ce za su zo nan?"

Na ce, "A waya aka turo, Baba."

"Waya ba mutum ba ce. Ke ce dai kika faɗa, ke kuma mutum ɗaya ce."

Ya ba ni wayata ya tafi tasha. Ni kuma na zagaya gidan maƙwabtanmu. Mijin ɗan kabu-kabu ne, a tashar yake lodi, matar kuma in ka faɗa mata magana da hantsi, kafin azahar ta kai ƙarshen unguwa. Na same ta tana tankaɗe. Na nuna mata bidiyon, na ƙara da cewa wani soja ne ya tsegunta wa yayan ƙawata. Na ce, "Don Allah kar ki ce ni na faɗa, kin san Baba ba ya son ina yawo da magana." Na san za ta faɗa wa mijinta, na san inda mijinta yake tsayawa kowace safiya. Ba tsautsayi ba ne. Na auna dokar Babana ne, na nemo inda zan bi ta bayanta.

Kwana biyu maganar ta dawo masa. Maƙwabcin ya tsaya gaban keke ya ce, "Baba Tela, ka ji sojan sama za su zo mana wasa? Gari duk ya ɗauka, har an ce wani soja ya tabbatar." A al'ada Baba zai tambaya: wane soja, wa ya gan shi, a ina? Ranar bai tambaya ba.

Sai daga baya na gane abin da ya sa. Mu nan mun san ƙarar jirgin yaƙi, ba a waya muka santa ba. In ya wuce, yamma yake yi, wajen daji. Mata su tsaya da daka, a yi shiru, kowa ya kama lissafin wanda yake da shi a gona ko a hannun mutanen daji. Ba wanda ya taɓa ɗaga kai don ya ga kyan jirgi. Babana kuma a da ba ya barin wasan ƙwallon ƙasa ya wuce shi, rediyo a kan keke, in aka ci har zare yake tsinkewa. Shekarun nan ya daina. In an kunna sai ya ce a canza tasha.

Da yamma ya shigo gida, ya zauna a tabarma, Inna ta kawo masa ruwa. Ya ce in sake nuna masa. Ya kalla, ya kalla, sannan ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, "Ashe an san muna nan."

Ina tsaye a kansa. Kalma uku ta ishe ni: Baba, ƙarya ce. Ban faɗa ba. Abin da na yi shi ne na shiga ɗaki na tura wa taubashiyata saƙo na ce ta kira Kawunta ta gaishe shi. Ta kira, ta tambaya, ya ce mata, "Haka ne, na ji daga mutum biyu. Ki ce wa uwarki ta zo ita ma." Ta turo mini, "To baiwa, yau kin ci." Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, har rawa na taka.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Duk wanda ya zo tambayar hanya, da labarin jirgi yake tafiya. Ya kai Runka, ya kai Zakka, ya dawo da ƙari: wai jiragen za su rubuta sunan gari a sama, wai za su sauko har a ga fuskar matuƙi. Baba yakan ce, "Wannan ban ji ba. Zuwansu dai na ji." Ya ture ɗinkin mutane gefe, ya tattaro ragowar koren yadi da fari, ya kama ɗinka ƙananan tutoci. Ni nake yanka masa ƙyallen. Ni nake ɗaura su a karan dawa. Kyauta ya raba su, duk wanda ya miƙo hannu. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa, kowace safiya tutocin sun ƙaru, maganar ta ƙara nauyi. Har na fara yi wa kaina wata ƙaryar, wai ai jirage suna wucewa, wataƙila a dace ɗaya ya bi ta kan filin.

Ranar wasa ban taɓa ganin mutane haka a filin nan ba. Lokacin yankan gero ne, amma an baro gonaki. A-kori-kura tana sauke mutane tana komawa. Mata, waɗanda ba ruwansu da ƙwallo, sun fito da mayafai sun jeru a gindin bishiyoyin darbejiya, har da Inna da Gwaggo. Ni da taubashiyata muna jikin katangar makaranta. Baba ya sa farar kaftaninsa ta Juma'a, aka ba shi benci a gaba kusa da manya, mutane suna zuwa suna miƙa masa hannu kamar shi ya aiko da jiragen.

Aka sa taken ƙasa a lasifika. Kowa ya miƙe. Tsofaffin da ba su san kalma ɗaya a cikinsa ba sun tsaya ƙyam da tuta a hannu, kai a sama, don an ce a daidai nan jiragen suke fitowa. Taken ya ƙare. Shirwa biyu ce kawai take shawagi. Wani ya ce sai an fara wasa.

Alƙali ya busa usur. Ba na jin rabin filin sun ga ƙwallon farko da Safana ta ci, don har golanmu sama yake kallo. Can sai aka ji ruri daga gabas, filin ya ɗauki sowa, tutoci suka tashi, 'yan wasa suka tsaya cak da ƙwallo a tsakiya. Tifa ce ta yashi. Aka yi dariya, aka ce sai an dawo hutun rabin lokaci. Taubashiyata ta zungure ni ta ce, "Matuƙan naku sallar la'asar suka tsaya?" Na ce ta rufe mini baki. Daga inda nake ina hango ƙeyar Baba. Kowa ya gaji ya sauke kai, shi bai sauke ba.

Safana ta ɗauki kofi. Rana ta yi ƙasa sosai, kuma kowa ya san ba a bin hanyoyin nan in yamma ta yi, don haka yawancin mutanen ƙauye a gari suka kwana, wasu a masallaci, wasu a rumfunan tasha, iyalansu can ba su da labari sai ta waya. Tutocin da na yanka suna zube a ƙasa ana takawa. Da muka zo wucewa na ga wani dattijo daga Babban Duhu ya tsaya gaban Baba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, gerona yana yashe a gona. Wallahi da wani ne ya faɗa ba zan taso ba. Don kai ne."

Baba ya ce, "Ka yi haƙuri. Ni ma haka na ji."

Bai ce daga wa ba. Na tsaya a bayan Inna ina gyara mayafi kamar ban ji ba.

Na zaci taubashiyata za ta kashe ni da tsiya. Ba ta yi ba. Da suka koma ta kira ni, ba baiwa, ba dariya, ta ce, "Ke, Kawu lafiyarsa ƙalau kuwa? Mama ta ce ko a kai shi a duba shi." Ta ma manta ni na fara tura mata. A wurinta, da a wurin kowa, maganar ta Baba Tela ce, don daga bakinsa ta zama gaskiya.

A tasha suka sa masa suna Matuƙi. Yaran da ya ɗinka wa kayan suna, yanzu sun girma sun hau babur, su ne masu cewa, "Matuƙi, yau ƙarfe nawa za a sauka?" Yakan yi murmushi ya ci gaba da taka keke. Na ce a raina za su gaji. Wasa ne, zai wuce, gari ba ya riƙe magana ɗaya har abada.

Bayan 'yan makonni, wata safiya, mutum biyu suka faɗa masa, kowa da zuwansa, cewa an ga mutanen daji suna tsallaka hanyar Runka wajen rafi. Wata a-kori-kura ta gama lodi, yawanci mata ne da kayan miya. Baba ya bar keke, abin da ba ya yi, ya taka har wurin direban ya ce ya dakata. Direban ya leƙo ya ce, "Matuƙi, su ma da hayaƙi suka tsallaka? Kore ko fari?" Aka kwashe da dariya, ya ja mota.

Sun tarar da mutanen dajin a wajen rafin. Allah ya kiyaye, ba a kashe kowa ba, ba a tafi da kowa ba, don direban ya hango su da wuri ya karkata cikin gona, mutane suka diro suka watse da ƙafa. Wata mata ta karye a ƙafa wajen dirowa. Ina hanyar kai wa Baba abinci aka wuce da ita a kan babur, an riƙe ta ta baya, takalmi ɗaya, tana kiran sunan Allah. Sa'ar Inna ce. Ban san ta ba, har yau ban san sunanta ba, amma na san abin da ya sa motar ta tashi.

Ka zaci wannan zai wanke shi? A tasha cewa aka yi tsohon ya ci sa'a wannan karon. Daga ranar kuma Baba ya rufe baki. Masu shigowa sun rage tsayawa, masu fita in sun tambaya, ya ce, "Ban sani ba, Allah ya tsare." Yanzu kowa da wayarsa yake tambayar hanya, wannan ya ce lafiya, wancan ya ce ba lafiya, direba ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

Ran nan na kai masa abinci da azahar, tasha ba kowa, ya miƙo mini allura in zura masa zare, don idonsa ya fara gajiya. Ina zurawa ya ce, "Na tambayi maƙwabcinmu inda ya ji maganar nan. Ya ce matarsa."

Zaren ya ƙi shiga.

Ya ce, "Ban tambayi matarsa ba."

Na ce, "Baba, ni ce."

"Miƙo almakashi."

"Baba, ni na yanke bidiyon, ni na je gidansu, don ku ji daga mutum biyu na yi. Da gangan na yi."

"Na ce miƙo almakashi." Na miƙa. Ya datse zare, ya juya rigar da yake ɗinki. "Laifina ne. Labarin ya yi mini daɗi, ban bi sawunsa ba. Da labarin tsoro ne da na bi. Ke yarinya ce, gidan wani za ki, ba na so a riƙa nuna ki a gari. Ni na tsufa, su kira ni abin da suka ga dama. Kar in ji kin buɗe baki."

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya ne, in yi kuka, a wuce wurin. Sai ya buɗe kwano ya ce miyar ta yi gishiri, in faɗa wa Inna.

Kwana uku ina juya maganarsa. Na yarda da gaske yake, kare ni yake so ya yi, kuma ban taɓa tsallake umarninsa a gabansa ba. Da sunansa ne kawai ya ɓaci, wataƙila da na bi, in ci gaba da jin kunyata ni kaɗai. Amma motoci suna tashi kullum, kuma mutumin da ya fi kowa sanin lokacin da ya kamata su tsaya yana zaune yana cewa bai sani ba. Ban san ko in na faɗa za su dawo su yarda da shi ba. Wataƙila su ce uba da 'ya duk ɗaya ne. Na san dai za a daɗe ana kirana maƙaryaciya, Inna za ta yi kuka, matar maƙwabcinmu ba za ta sake yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya.

Ranar kasuwa mai zuwa, da safe, lokacin da lodi ya fi cika, zan sa hijabina in je tasha. Zan tsaya gaban bencin da shugabannin direbobi suke zama, inda mace ba ta tsayawa, in gaishe su, in faɗa musu tun daga farko, da ƙarfi yadda na bayan mota zai ji. Rumfar Baba tana nan kusa, zai gan ni daga kan kekensa. Ba zan kalli wajensa ba sai na gama.